Harshen Saniya, Fatar Kwaɗo, da Makaman da Jiki Ke Tarar Bakteriya da Su Tun a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da saniya ke kaiwa baki da rani. Busasshen karan dawa ne mai kaifi kamar aska, ga ƙaiƙayi, ga reshen gawo da ƙayarsa, ga harawar da ta kwashi ƙasa. Harshenta kullum cikin yankewa yake. Kuma bakin nan ba wuri ne mai tsabta ba, domin duk lokacin da ta kwanta tuƙa, abin da ke tumbinta ne yake dawowa, cike da ƙwayoyin bakteriya da ba sa ƙirguwa. Duk da haka da wuya ka ga saniyar da harshenta ya ruɓe saboda yankan kara. A shekarar 1995 wasu masu bincike a Amurka suka duba harsunan shanu, suka sami wani ɗan guntun furotin mai kashe bakteriya a fatar harshen, suka kuma lura cewa ya fi taruwa a daidai gefen rauni. Wato inda aka ji ciwon, nan jiki yake ƙara zuba shi.

Mu ma haka muke. Mutum ya ciji harshensa yana cin abinci, jini ya fito, bayan kwana biyu ko uku ya manta. Bai sha magani ba, bai shafa komai ba.

Idan ana zancen garkuwar jiki, abin da aka fi ambata shi ne antibodi, wato kariyar da allurar rigakafi ke sa jiki ya ƙera. Sai dai antibodi na da nawa. A karon farko da jiki ya haɗu da wata ƙwayar cuta, yakan ɗauki kusan mako guda ko fiye kafin ya ƙera wanda ya dace da ita. Ita kuwa bakteriya irin E. coli, idan ta sami wuri mai ɗumi da abinci, tana rabuwa biyu a duk minti 20. A lissafi, ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Da antibodi kaɗai muke jira, da kafin a ɗaura sirdi an gama yaƙi. Dole akwai masu gadin da suke tsaye a bakin ƙofa tun kafin baƙo ya iso, kuma daga cikin manyansu akwai waɗannan guntayen furotin da masana ke kira feftayid masu kashe ƙwayoyin cuta.

Shi furotin kamar carbi yake, an jera ƙananan duwatsu a zare, kowane dutse ana ce masa amino asid. Yawancin furotin na jiki duwatsunsa ɗaruruwa ne. Feftayid kuwa gajere ne, galibi tsakanin 12 zuwa 50. Wanda ya fi shahara a jikin ɗan Adam sunansa LL-37, domin duwatsunsa 37 ne, wato ya ɗara ƙaramin carbi mai 33 da huɗu kawai. Wannan ɗan abin ne yake fasa bakteriya.

An daɗe ana ganin alamun wannan kariya kafin a gane ta. Alexander Fleming, wanda duniya ta sani da fenisilin na 1928, tun a 1922 ya gano cewa akwai wani abu a majina da hawaye mai narkar da wasu bakteriya, ya sa masa suna laisozayim. Shi babban furotin ne, ba feftayid ba, amma ya nuna cewa ruwan jiki na da makami a cikinsa. Fenisilin da 'yan uwansa suka zo suka ɗauke hankalin kowa, aka bar wannan layin na shekaru masu yawa.

Wanda ya dawo da maganar shi ne Hans Boman na Jami'ar Stockholm a Suwidin. Tambayarsa mai sauƙi ce: ƙwari ba su da antibodi ko kaɗan, to me ya hana su ƙarewa alhali a cikin ƙazanta suke rayuwa? Ya riƙa yi wa tsutsar wani babban dangin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare allurar bakteriya, yana duba abin da ke fitowa a ruwan jikinta. A 1981 shi da abokan aikinsa suka bayyana feftayid ɗin da suka samu, suka kira shi sekrofin, daga sunan ƙwaron. A 1985 Robert Lehrer da Tomas Ganz da Michael Selsted a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka ciro irinsa daga fararen ƙwayoyin jinin mutum, suka kira su difensin.

Labarin kwaɗon ne ya fi ratsa ni. Michael Zasloff likita ne da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, kuma ba ma wannan yake nema ba. Yana yi wa wasu kwaɗi 'yan asalin kudancin Afirka tiyata ne don ya ciri ƙwansu, ya ɗinke cikin, ya mayar da su cikin tankin ruwa mai dauɗa. Shekara da shekaru ana haka a ɗakunan bincike, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ɗinkin ba ya yin mugunya. Shi ya tambaya. A 1987 ya sanar da feftayid ɗin da ya samu a fatar kwaɗon, ya kira shi magainin, daga kalmar Ibrananci mai nufin garkuwa. Yau an tattara sama da irin 3,000 daga dabbobi da tsirrai da ƙwari da su kansu bakteriya, abin da ke nuna cewa wannan makami ya girmi antibodi nesa ba kusa ba.

To yaya suke kisa, kuma me ya sa ba sa kashe mu?

Kowace bakteriya a lulluɓe take da wani siririn tantani na maiƙo, shi ne iyakar cikinta da waje. Mu ma ƙwayoyin halittarmu da irin wannan tantanin suke. Bambancin yana wajen caji. Ka tuna batirin mota, kai ɗaya fozitif, ɗaya negetif, kuma kishiyoyi ne ke jan juna. Fuskar bakteriya cike take da cajin negetif. Fuskar ƙwayoyinmu ta waje kuwa kusan ba ta da caji, ga kuma kolestarol da ke ƙara mata tauri. Su kuma feftayid ɗin nan yawancinsu fozitif ne. Saboda haka idan an sake su a cikin rauni, sai su wuce namu su je su manne a jikin baƙuwar.

Sifa ta biyu irin ta sabulu ce. Abin da ya sa sabulu ke fitar da man ja daga hannu shi ne gefensa ɗaya na son ruwa, ɗayan na son mai. Feftayid ma idan ya naɗe kansa, fuska biyu yake yi. Da fuskar da ke son ruwa yake isa, da mai son mai yake nutsewa cikin tantanin. Idan suka taru da yawa, wasu sukan jeru su yi zobe su huda rami, wasu su shimfiɗu a kai kamar tabarma har tantanin ya wargaje. Abin da ke cikin bakteriyar ya tsiyaye, cajin da take rayuwa da shi ya zube, cikin mintuna ta mutu. Akwai kuma waɗanda ba sa tsayawa a bango. Wani da aka samu a jikin wani kwaɗon Asiya yana ratsawa ciki ya kama DNA, wato kundin bayanan gadon bakteriyar, wasu na toshe injin da take ƙera furotin da shi, wasu kuma na riƙe tubalin da take gina katangarta.

Wannan ne ya sa suka bambanta da yawancin antibayotik. Shi antibayotik yakan nufi ƙofa ɗaya ce, da bakteriya ta sauya kwaɗon ƙofar, mabuɗin ya tashi aiki. Feftayid kuwa bangon ɗakin yake rusawa, kuma sauya bango ya fi sauya kwaɗo wuya.

A jikinmu an baza su ne a duk inda muke gogayya da duniya. Gumi na ɗauke da wani mai suna damsidin, wanda aka gano a Jamus a 2001. Yawu na da histatin, wanda ya fi ƙarfi a kan naman gwari mai sa farin baki. Hanyar iska, mafitsara, farji, ido, duk suna da nasu. A can ƙasan lungunan ƙaramin hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira Paneth, aikinsu fesa difensin don kare wurin da sabuwar fatar hanji ke tsirowa. Ɗaya daga cikinsu, HD6, ba ya ma kisa sosai: saƙa yake yi kamar komar masunci, ya tattare bakteriya ya hana ta shiga jiki.

Wanda ya taɓa yin maruru ya ga aikinsu da idonsa. Wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya kumbura, bayan kwanaki ya nuna, bakinsa ya yi fari. Wannan mugunyar yawancinta gawar fararen ƙwayoyin jini ce da ake kira niyutrofil. Kowace niyutrofil tana ɗauke da 'yan jakunkuna cike da difensin. Idan ta haɗiye bakteriya, sai ta rufe ta a wani ɗan ɗaki a cikinta ta zazzage mata jakunkunan. A wannan matsattsen wuri yawan feftayid ɗin yakan kai matakin da ba abin da zai tsira cikin sauƙi.

Sai kuma jariri. Ana haihuwarsa da wani farin maiƙo a jiki, ya fi taruwa a wuya da hammata da matsematsi, kuma sau da yawa abin da ake fara yi shi ne a sa ruwan zafi da soso a goge shi tas, don ana ganin ƙazanta ce. An auna wannan maiƙon an sami LL-37 da difensin da laisozayim a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jinkirta wankan farko zuwa awa 24, babban dalilinta shi ne kada sanyi ya kama jariri kuma a sami damar sa shi a nono da wuri, amma barin wannan riga da ya zo da ita ma riba ce. Haka dakashi, nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa da wasu gidaje ke tatsewa su zubar. Ban da antibodi na uwa, yana cike da laktoferin, furotin da idan ciki ya yanka shi yake fitar da wani guntu mai kashe bakteriya. Yaron da garkuwarsa ba ta koyi komai ba tukuna, da waɗannan yake fara rayuwa. Ina ganin wannan na cikin abubuwan da ya kamata kowace ungozoma da kowace kaka su ji.

Ta yaya aka tabbatar suna da muhimmanci a jiki mai rai, ba a kwalbar gwaji kaɗai ba? Ta hanyar ganin abin da ke faruwa in babu su. A 2001 aka cire wa ɓeraye ƙwayar gadon da ke ƙera takwaran LL-37, aka sa musu bakteriyar Streptococcus a fata. Gyambonsu ya fi na sauran girma da daɗewa. A arewacin Suwidin akwai wata cutar gado da ake kira Kostmann, masu ita ana haifarsu da ƙarancin niyutrofil. Magani ya zo ya ƙara musu yawan niyutrofil ɗin, amma dasashinsu bai daina ruɓewa ba. A 2002 aka gano cewa babu LL-37 a niyutrofil ɗinsu da yawunsu. Sojojin sun dawo, amma hannu rabbana. A shekarar dai aka kwatanta cututtukan fata biyu: masu ƙyasbin ƙaiƙayi da ake kira ezima suna da ƙarancin feftayid a wurin ciwon kuma bakteriya na yawan kama su, masu soriyasis kuwa feftayid ya yi musu yawa, fatarsu a farfashe amma ba kasafai take harbuwa ba.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damun masana. Da yawa daga cikin feftayid ɗin nan ƙarfinsu na raguwa idan akwai gishiri daidai wanda ke cikin jini. To me suke yi a wuraren da ba su kai yawan kisa ba? Amsar ita ce shela suke yi. LL-37 na kiran niyutrofil da sauran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin da abu ya faru. Wasu difensin na janyo ƙwayoyin da ke ɗaukar guntun abokin gaba su kai wa ɓangaren garkuwa mai ƙera antibodi, wato su ne gada tsakanin masu gadin ƙofa da rundunar da ke zuwa daga baya. LL-37 yana kuma kama gubar da ke fitowa daga bangon wasu bakteriya, gubar da idan ta cika jini take jawo zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar bugun jini. Yana taimaka wa sabuwar fata ta rufe rauni, da sababbin jijiyoyin jini su tsiro, kuma an lura yana ƙaranci a bakin gyambon da ya ƙi warkewa. Shi ya sa Robert Hancock na Kanada da wasu suka fi son a kira su feftayid masu kare jiki. Amma shelar in ta yi yawa ita ma cuta ce. A soriyasis, LL-37 na haɗuwa da DNA ɗin mutum kansa, garkuwa ta ɗauka baƙo ne, ta afka wa fata.

Wani ɗan gidan kuma da yunwa yake yaƙi. Sunansa hefsidin, hanta ke ƙera shi, duwatsunsa 25. Bakteriya ba ta yaɗuwa sai da sinadarin ƙarfe na jini, wato ayon. Da jiki ya ji cuta ta shigo, hanta sai ta saki hefsidin, shi kuma ya kulle ƙofofin da ayon ke bi ya shiga jini daga hanji da rumbunan ajiya. Cikin sa'o'i ayon ya ja baya. Wannan ne dalilin da ya sa mai doguwar jinya yake samun ƙarancin jini ko da yana cin abinci. A tsibirin Pemba na Tanzaniya an yi gwajin bai wa yara sama da 24,000 ƙarin sinadarai, aka dakatar da ɓangaren ayon da wuri domin masu shansa sun fi kwanciya a asibiti, a wurin da maleriya ta yi katutu. An buga sakamakon a 2006. Wannan bai hana ba da maganin ƙarin jini ba, musamman ga masu ciki da yaran da ke da ƙarancinsa. Abin da ya koyar shi ne a haɗa shi da kariya da maganin maleriya.

Akwai alaƙa da hasken rana ma. A 2006 aka nuna cewa ƙwayoyin jinin da ke haɗiye bakteriyar tarin tibi suna buƙatar bitamin D kafin su kunna ƙera LL-37. Mutane suka yi ta murna, ana ganin an sami hanya mai arha. Sai aka gwada a Mongoliya da 'yan makaranta 8,851, sakamakon ya fito a 2020: ƙarin bitamin D bai rage kamuwa da tibi ba. Mai tallan kwalbar ƙarin sinadari ba zai faɗa maka wannan rabin labarin ba.

Su ma bakteriya ba zaune suke ba. Staphylococcus mai kawo maruru tana liƙa wa fuskarta abubuwa masu cajin fozitif don feftayid ya zame. Salmonella, dangin mai kawo taifot, tana da na'urar jin ƙamshin feftayid, da ta ji sai ta sauya rigarta. Wasu na sakin almakashin sinadari su daddatse shi. Shigella mai kawo atini ta fi su wayo: binciken da aka yi kan marasa lafiya a Bangaladash, aka buga a 2001, ya nuna tana sa hanji ya rage ƙera LL-37 tun farkon ciwo. Ita kuwa ƙwayar sanƙarau, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya a annobar 1996, dabaru uku ta haɗa: tana da rigar sulke ta sukari, tana rage cajin fuskarta, tana kuma da famfon da ke tofar da feftayid waje. Mutane da yawa na ɗauke da ita a maƙogwaro lafiya lau. Lokacin busasshiyar iska da ƙura, daga hunturu zuwa bazara, shi ne lokacin da take tsallakawa cikin jini, kuma masana na danganta hakan da yadda bushewa ke raunana fatar hanci da maƙogwaro, inda masu gadin suke.

Ganin ƙarfinsu ya sa aka yi ta ƙoƙarin mayar da su magani, amma tafiyar ba ta yi sauri ba. Wani man shafawa da aka ƙera daga magainin don gyambon ƙafar masu ciwon suga, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999, aka sake gwada shi ya gaza a 2016. Suna da tsadar ƙerawa, jiki na saurin narkar da su, kuma idan aka ƙara yawa sukan fara taɓa namu ƙwayoyin. Waɗanda suka shiga asibiti da gaske daga bakteriya aka samo su, kuma babbansu shi ne kolistin.

A Japan aka gano kolistin a ƙarshen shekarun 1940. Likitoci suka ajiye shi a shekarun 1970 saboda yana lalata ƙoda, sannan suka dawo da shi dole lokacin da wasu bakteriya suka gagari duk sauran magunguna. Yau yana cikin na ƙarshe a jaka. Yadda yake aiki kuwa daidai yake da namu feftayid: fozitif ne, yana manne wa fuska mai negetif, ya fasa. A daidai lokacin da asibitoci ke tattalinsa, a gonaki ana zuba shi cikin abinci da ruwan aladu da kaji. A ƙarshen 2015 aka sanar da gano wata ƙwayar gado mai suna mcr-1 a jikin bakteriyar aladu a Sin. Aikinta rage cajin negetif na fuskar bakteriya, irin dabarar da ƙwayar sanƙarau ke yi. Abin tsoron shi ne tana kan wani ɗan zoben DNA da bakteriya ke miƙa wa juna kamar aron kaya. Sin ta hana amfani da kolistin don ƙiba dabbobi a 2017, amma kafin nan mcr-1 ta zaga nahiyoyi, an kuma same ta a kajin Najeriya. A 2023 masu bincike a Jami'ar Oxford suka nuna abin da ake gudu: E. coli mai ɗauke da ita ta fi jure wa feftayid na mutum da na dabbobi, ta kuma fi tsira a cikin ruwan jinin mutum.

Wannan ya sauya girman matsalar. Idan bakteriya ta gagari wani antibayotik, magani ɗaya muka rasa. Idan ta koyi kauce wa kolistin, tana koyon kauce wa makamin da ke gumi da yawu da nonon uwa ne. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

A shagon maganin dabbobi ana sayen 'yan fakitin garin da ake kaɗawa a ruwan 'yan tsaki tun ranar da aka sauke su daga kwali, ba don sun yi ciwo ba, don kada su yi. Mai kiwo bai yi da mugun nufi ba, jarinsa yake karewa. Amma idan ya juya bayan fakitin ya karanta ƙananan rubutun, a wasunsu zai ga sunan kolistin. Kashin kajin nan buhu-buhu ake sayar da shi ga masu lambu, ya tafi gindin latas da kabeji da tumatir, waɗanda ake yankawa a ci ɗanye.